Injin Samfefar da Na Haɗa wa Yaya

Yayana kafinta ne a Wudil. Shagonsa yana kan hanyar da ke gangarawa kogi, nawa yana jikin nasa, bango ɗaya ne ya raba mu. Ni gyaran fanka nake yi da naɗin kwayil, shi ya sa tun ina saurayi yake ce mini Injiniya, ba don ya girmama ni ba, sai don ya ji daɗin tsokanata. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ya ba ni rata sosai, kusan shi ya raine ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, a nan ma ba zan fara ba.

Abin da aka san shi da shi a garin nan santsin aiki ne. Gadonsa bai fi na kowa ado ba, gaskiya ma yaran zamani sun fi shi iya ƙyale-ƙyale, amma in ka ɗora hannu a kan abin da ya yi sai hannun ya zame da kansa. Mutanen Indabo da Lajawa in za su aurar da 'ya, wurinsa suke zuwa, domin mayafin amarya ba ya taɓa maƙalewa a jikin sif ɗinsa. Bai yarda da ido ba ko kaɗan. In ya goga katako da samfefa, sai ya rufe ido ya bi shi da kan yatsunsa a hankali, daga wannan baki zuwa wancan, kamar mai lallashin jariri. In ya ji wani ɗan kaushi da ni ko da fitila ba zan gani ba, sai ya koma kansa. Na sha yi masa tsiya cewa katakon shagonsa ya fi matarsa samun shafa. Yakan ce in je in ji da fankokina masu ƙura.

Gugar samfefa aikin masu koyo ne, kowa ya sani. To masu koyon sun watse tuntuni, wasu sun koma tuƙin adaidaita, wasu sayar da waya, babu mai haƙurin zama yana shaƙar garin katako. Sai aikin ya dawo hannun mai shago. Shekara da shekaru yana ninke samfefa a kan yatsunsa yana guga, don shi ba ya naɗa ta a jikin guntun katako kamar yadda wasu ke yi, wai hakan yana hana shi jin abin da yake yi. Ba wanda ya taɓa tunanin samfefar tana cin wani abu ban da katako.

'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Da yake ta fari ce, ba ya kama sunanta, sai dai ya ce yarinyar nan, ita ma ba ta iya zama ta yi doguwar magana da shi. Duk abin da ke tsakaninsu ta kaina yake bi. Wata Asabar ta zo shagona, muka gaisa, ta tambayi iyali da aiki da zafi, ta yi ta jan gaisuwar har na gane akwai magana a bakinta.

"Baffa, na biya wa Baba kujera," ta ce, idonta a ƙasa. "Bana in sha Allahu da shi za a tafi. Kai za ka faɗa masa, ni ba zan iya ba."

Na zagaya na same shi yana yanka da zarto. Na ce, "Yaya, yarinyar nan ta saya maka kujera."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kujera? Ni da kujeru suka hana ni wurin sa ƙafa a shago?"

"Ta Makka nake nufi."

Zarton ya tsaya a cikin katakon. Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba, sai ya saki zarton a nan inda yake, ya shige bayan tulin katakai, ya daɗe bai fito ba. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ran nan ma ban gani ba, amma na ji shi yana fyace hanci. Mutum ne da ya raka maniyyata tasha ba adadi, ya yi wa wasunsu akwatin ajiye tsaraba, bai taɓa cewa shi ma yana so ba. Ashe abin yana cinsa.

Ya fara zuwa bita. Ya sayo harami, yana gwada ɗaurawa a ɗaki, matarsa tana yi masa dariya wai ya yi kama da wanda ya fito daga wanka. Masu shayi suka fara ce masa Alhaji, yana hana su, yana cewa su bari sai an dawo. Amma ta cikin bango ina jin shi yana guga yana maimaita Labbaika ƙasa-ƙasa, gugar tana tafiya daidai da muryar.

A watan Rajab aka ce maniyyata su je Kano a ɗauki hoton yatsunsu saboda biza. Na raka shi. Ofis ne mai benci-benci, cike da tsofaffi, kowa riƙe da fasfo kamar za a ƙwace masa. Wata yarinya mai fara'a ce ke ɗauka. Tsoho ya ɗora yatsu, na'ura ta yi ƙara, a ce ya tashi. Da aka zo kan Yaya, ya ɗora, shiru. Ya sake ɗorawa, shiru.

"Baba, ɗan shafa yatsun a goshinka, su sami maiƙo," ta ce.

Ya shafa. Ta sa ya hura musu iska, ta ba shi man shafawa daga jakarta, ta goge gilashin da gefen hijabinta, ta gwada da wayar hannu. Daga ƙarshe ta juya hannunsa ta duba da kyau, ta kira ni.

"Kawu, duba ka gani. Ai babu zanen ne gaba ɗaya."

Na duba. Kan yatsun Yaya sumul suke, suna sheƙi kamar bayan cokali. Zanen nan da Allah ya yi wa kowa, wanda ko ɓarawo yana da nasa, samfefa ta cinye shi tas. Ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa mata, ta ce ta taɓa ganin irin haka a wurin masu wanki da magina, kuma yana dawowa in an huta. Ta ce ya ajiye aikin, ya riƙa shafa mai, mu dawo kafin a rufe, rufewar kuma ba za ta wuce bayan ƙaramar Salla da kaɗan ba. Muka kamo hanyar gida a mota har muka hau gadar Wudil. A nan ne ya buɗe tafukansa ya ce, "Ka ji fa, Injiniya. Wai ba ni da hannu."

Cewa ya huta abu ne mai sauƙi a bakin wanda bai san shi ba. Lokacin ne ake rububin aure kafin azumi, kuma ya riga ya amsa wa mutane kayan ɗaki, ya ce musu an gama. Yaya in ya ce an gama, to ko zazzaɓi yake sai an gama. Na ce ya mayar da aikin, ya dube ni kamar na ce ya yi sata. Na ce ya ɗauki wani ya riƙa yi masa gugar, ya ce wanda zai ɗauka ɗin yana ina. Na ce to ni zan yi, ya ce ya fi son ya ƙona katakon ya huta. A nan na ce masa zan haɗa masa inji. Injin guga na kanti ba na irinmu ba ne, amma abin da ke cikinsa ba wani sihiri ba ne, moto ne da faifai.

Na shiga Kano wurin masu gwanjon kayan wuta, na yi ta tonon tsofaffin injinan wanki har na sami moto mai rai, wato abin da ke juya gangar injin. Mai walda ya yi mini ƙafafu da ƙarfe. Yaya ya yanko faifai daga falanki mai kauri, faɗinsa kamar faifan rufe ƙwarya, muka manna masa samfefa da gam. Na sa sandar ƙarfe da boris biyu da za ta riƙa juyawa a cikinsu, na ja bel daga moton. A gaban faifan muka kafa ɗan tebur da za a riƙa ɗora katako, daidai gwiwar hannunsa don kada ya riƙa sunkuyo, muka yi ta gyara shi har ya tsaya cak da faifan. Na ɗauko wata tsohuwar fanka da mai ita ya manta da ita a shagona, na kafa ta a taga ta baya tana zuƙe ƙura tana watsawa waje. Wannan kam maƙwabcinmu mai kifi bai gode mini ba.

Ranar da muka fara kunna shi, sai da kowa a layin ya leƙo. Moton injin wanki bai san wasa ba, ya ɗauka da wani irin kuka, teburin yana rawa. Yaya ya kara guntun maɗaci, kafin ya ɗauke har wurin ya ƙone ya yi baƙi, hayaƙi yana tashi. Ya kara wani ƙarami, faifan ya fizge shi ya jefa shi cikin kwanon rufi.

"Sannu, Injiniya," ya ce. "Ka haɗa mini injin gasa katako. Saura yaji."

Abin ya yi mini ciwo, don na san gaskiya ya faɗa. Guga ba gudu ɗaya take so ba. Maɗaci yana da nasa, farin katako yana da nasa, samfefa mai kaushi da mai laushi kowacce da yadda take so a bi da ita, kuma hannun Yaya ya san duk wannan ba tare da an gaya masa ba. Injin ne bai sani ba. Na koma Kano na samo wani ɗan akwati da ke rage wa moto wuta ko ya ƙara masa. Mamurɗinsa ya karye, sai na ciro na wata matacciyar rediyo na sa masa. Da Yaya ya murɗa ya ji kukan injin yana sauka har ya koma kamar gurnanin kyanwa, ya murɗa baya ya ji ya tashi, sai ya yi murmushi.

"Ashe murya gare shi."

Daga ranar sunan abin ya zama murya. Ba ya cewa gudu. Sai ya ce maɗaci ba ya son hayaniya, a rage masa murya, ko ya ce wannan katakon kurma ne, sai an ɗaga masa murya. Cikin 'yan kwanaki ya gane kansa fiye da ni da na haɗa shi. Ya yi wa mamurɗin alamomi da fensir. Ya gane ɓangaren faifan da ke gangarowa ƙasa shi ake kara wa katako, don ya danne shi a kan tebur maimakon ya ɗaga shi. Ya sassaƙa 'yan katakai na turawa saboda kada yatsunsa su matsa kusa. Abu ɗaya ne ya kasa bari, wato shafawa. Yana gama guga sai ya rufe ido ya bi katakon da yatsu, ni kuwa ina yi masa faɗa ta taga cewa ko shafar ma ya rage. Ban taɓa yin aikin da na yi alfahari da shi kamar injin nan ba, kuma ba na jin zan sake.

Aka fitar da kayan amaren kafin azumi, ba wanda aka saɓa wa. A gida matarsa ta ɗauki yatsun nan kamar jinyar jariri. In ya dawo ta shafe su da man kaɗe, ta zura masa safar ƙafa a hannu, ya zauna a tsakar gida hannuwa a sama kamar wanda aka yi wa lalle. Ta hana shi ko ɓare gyaɗa. Jikokinsa suna dariya, shi ma yana yi.

Zanen ya fara dawowa. Da farko a ƙananan yatsu, siriri kamar ba shi ba. Kullum da safe sai ya shigo shagona, in goga masa tawadar biro a yatsa, ya dangwala a bayan kwalin kwayil, mu kai bakin ƙofa mu duba a haske. Manyan yatsu da manuniya su suka fi taurin kai, don su suka fi shan wahala. Amma wajen tsakiyar azumi sai ga su, layi-layi, suna zagaye kamar yadda suke a hannun kowa. Na ɗauki hoto na tura wa 'yarsa. Ta kira ni tana dariya tana kuka, ta ce ta yi magana da mutanen ofis, mu zo farkon mako.

A 'yan kwanakin nan ne ya fara yi wa kansa wata 'yar kujera mai naɗewa. Gwiwoyinsa sun daɗe suna damunsa, kuma an gaya musu a bita cewa akwai tsayuwa da jira da yawa. Da ragowar maɗaci ya yi ta, mara nauyi, tana shiga jaka. Ya ce shi da kujera biyu zai tafi, ɗaya ta yarinyar nan, ɗaya tasa. A duk rayuwarsa ita ce abu na farko da na ga ya yi wa kansa. Gadon da yake kwana a kai ma na ƙarfe ne.

Sai na yi bayanin wani abu game da wutar lantarki a garinmu, saboda wanda bai zauna a irinsa ba. Wutar ba ɗaukewa kawai take yi ba. In zafi ya yi zafi, sai ta fara yin ƙasa, ƙwai ya koma ja, fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, sannan ta tafi. In ta tafi kuma ba mai kashe makunni. Kowa yana barin wani abu a kunne, ƙwai ko fanka ko rediyo, don shi ne zai gaya masa an kawo. Haka muka taso, haka kowane gida yake, haka shagona yake har gobe. Ba wanda yake kiran wannan ganganci, hanyar sanin labari ce kawai.

Ranar Alhamis ce bayan azahar, ana azumi, rana kamar ta faɗo. Wutar ta yi ƙasa tun hantsi. Yaya yana gyara ƙafafun 'yar kujerarsa, injin ya fara ja da baya, sai ya yi abin da kowa zai yi, ya ƙara murya. Ta ƙara yin ƙasa, ya ƙara. Har ya ƙure mamurɗin, faifan yana juyawa da ƙyar. Sannan aka ɗauke gaba ɗaya. Ya bar shi a kunne don ya ji in an kawo. Yana zaune yana jira sai ya lura gefen samfefar ya ɗago daga jikin faifan saboda zafi. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya ƙyale. Ya shafa gam, ya ɗora yatsun hannu biyu ya danne, yana jira ya kama.

Ni ina shagona, na jingina da bango, rigata ta jiƙe sharkaf. Sai na ga fankar sama ta motsa, ta ɗauka da ƙarfinta gaba ɗaya, iska ta sauko mini. Na ce alhamdu lillahi. Na faɗa da baki, da dukkan zuciyata. Ban rufe baki ba na ji injin ta cikin bango, da kukan nan nasa na ranar farko, da wani sauti a ƙarƙashinsa wanda ba na katako ba.

Bai yi ihu ba. Na same shi a tsaye ya ɗaga hannuwan yana kallonsu, jini yana gangarowa ta gwiwar hannu yana ɗiga a kan garin katako. Samfefa mai kaushi ce a kan faifan. Manyan yatsun ne kawai suka ɗan tsira da kwarzane, sauran takwas ɗin kuwa ta kwashe kansu, wasu har ƙashi ya leƙo. Na kashe injin, na cire rigata na naɗe masa. Abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ka gaya wa yarinyar nan tukuna."

A asibiti aka wanke, aka naɗe kowane yatsa. A nan ne kuma aka gano yana da ciwon suga, wanda bai taɓa sani ba, shi ya sa ciwon ya ƙi kamewa. 'Yarsa ta zo a ranar, don ban iya ɓoye mata ba. Ta tsaya a bakin gadon ta ce, "Sannu, Baba," shi ya ce, "Yauwa, an zo lafiya?" yana kallon bango. Ita ta yi ta zirga-zirga tsakanin Wudil da Kano. A ofishin ba wanda ya wulaƙanta ta. An ce mata akwai hanyar da ake bi wa wanda ba shi da yatsu, amma sai likita ya tabbatar ciwon ya warke kuma mutum zai iya tafiya. Ciwon kuwa ya ruɓa, sai da aka datse gaɓa ɗaya a yatsu biyu. Aka yi Salla yana kwance. Kafin a kwance masa bandeji an rufe ɗaukar hoton yatsun.

Masu zuwa dubiya duk maganarsu ɗaya. Allah bai kira shi bana ba. Wanda aka kira shi ke zuwa. Na san gaskiya ne, ni ma Musulmi ne, kuma na san da alheri suke faɗa. Amma duk wanda ya faɗa sai in ji kamar in tashi in fita, domin na ga yadda maganar take sauka a fuskarsa. Mutumin da ya yi watanni yana amsa Labbaika a kan katako, a zo a zauna kusa da shi a ce ba a kira shi ba. Shi dai yakan ce haka ne, Allah ya sa da rabon baɗi. Ko sau ɗaya bai ambaci injin ba, bai ambaci wuta ba. Da ya zage ni ko ya zagi wani, da na fi samun sauƙi.

Baɗin ta zo, 'yarsa ta sake shiga layi. Wannan karon ba a ma kai ga yatsu ba. A gwajin lafiya aka tsayar da shi, sugar ta taɓa ƙoda, likita ya ce ba zai iya sa hannu ba. Ta zo shagona ta zauna a kan benci, ba ta yi gaisuwar nan mai tsawo ba. Ta ce, "Baffa, wannan ma kai za ka faɗa masa." Na zagaya. Da ya ga fuskata ya ce in bar shi, ya gane.

Ya bar aiki. Wani kafinta daga Lajawa ya karɓi shagon, da injin a ciki. Har yau injin yana aiki lafiya lau, ko bel bai tsinke ba, mutumin yana yabona a gaban mutane, shi ma murya yake ce wa mamurɗin don haka ya ji ana faɗa. Kullum ina jin kukansa ta cikin bango, yana hawa yana sauka. Na tsane shi, kuma ba ni da inda zan koma.

'Yar kujerar kuwa ta je Makka. Wani abokin Yaya, dillalin shanu daga Ɗankaza, shi ma gwiwa ta dame shi, ya samu tafiya a shekarar ta biyu. Yaya da kansa ya sa aka ɗauko ta daga ƙarƙashin gado ya ba shi, ya ce ba amfanin ta zauna. Da suka dawo, mutumin ya zo gida da dabino da zamzam da kujerar a hannu. Ina nan zaune. Ya yi ta ba da labari, ya ce a kanta ya zauna a Mina, a kanta ya wuni a Arfa, har wani Bature ya tambaye shi inda ya saya. Yaya yana ta cewa ma sha Allah. Da baƙon ya tafi, ya jawo kujerar ya ɗora a cinya, ya buɗe ta, ya naɗe, ya sake buɗewa. Sannan ya rufe ido, ya ɗora guntayen yatsun nan masu tabo, ya bi ta daga wannan baki zuwa wancan. Ya sake bi. Ya buɗe ido.

"Injiniya, zo ka shafa mini nan."

Na shafa. Ƙafafun duk sun kwarzane, akwai wani dogon kurji a gefe ɗaya, da 'yan ramuka inda tsakuwa ta ci.

"Akwai kaushi, Yaya. Ta sha ƙasa."

"A ina?"

Na kama yatsansa na ɗora a kan kurjin. Ya danna, ya goga, ya girgiza kai. Bai ji komai ba. Matarsa da ke bakin murhu ta juya mana baya. Can sai ya ɗaga kujerar da hannu biyu, ya kai ƙafarta fuskarsa, ya rufe ido, ya shiga goga kurjin a kan leɓensa a hankali.